Buhun da Na Dawo da Shi Daga Sabuwa

Tun ranar da mota ta ajiye ni a ƙofar gida ake tambayata labarin tafiyar nan. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har bakin injin niƙa ba a bar ni ba. Na kuma san wasu ba labarin hanya ne ya dame su ba, buhun da aka ga an sauke mini ne. Magana ta dawo kunnena cewa Maman Ummi ta je ƙasar masara ta dawo da buhu, amma ko cikin tafin hannu ba ta miƙa wa maƙwabta tsaraba ba. Ban ji haushi ba, don da wata ce ta yi haka, ni ma sai na yi gunaguni. Sau da yawa na fara bayani da baki, in na kai tsakiya sai murya ta ƙi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Allah Ya sa abin ya amfane mu.

Asalin tafiyar ba tawa ba ce, ta Bilki ce, ƙanwar maigidana. Ta yi karatun aikin gwaje-gwaje, sai wata ƙungiya mai taimakon manoma ta ɗauke ta tana zagayawa auna hatsi. Abin da take nema wata guba ce da hunhuna ke bari a jikin masara da gyaɗa idan aka ɗura su a buhu ba su gama bushewa ba. Ba ta da ɗaci, ba ta da wari, wuta ba ta kashe ta. Ba ta kuma kayar da mutum yau ko gobe, a hankali take cin hanta, ta tauye girman yara. Maza sun auna na kasuwa, amma hatsin da ake ci yana cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga. Da aka ba Bilki wasu garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, Malam, maigidan nawa, ya ce budurwa ba ta bin wannan hanya babu babba tare da ita. Kafin ya rufe baki na ce ni zan raka ta.

Ina da dalilina. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta yaye ni, tana Sabuwa. A ƙarshen damina 'yan bindiga suka harbe ɗanta na fari, Lawal, a hanyar gona yana kwaso masara. Lokacin hanya ba ta biyuwa, ta waya na yi gaisuwa, abin kuma yana ta cina. Lawal taubashina ne. Duk haɗuwarmu sai ya ce baiwarsa ta iso, a miƙo mata tsintsiya. A waya Gwaggo ta gaya mini duk Juma'a tana yin waina da masarar da ya noma, ta raba wa yaran unguwa sadaka, don ladan ya riƙa isa gare shi. Ranar da na ji haka na ji sanyi a raina. Ban san maganar za ta zame mini dutse ba.

Kafin mu tashi Bilki ta gwada mini aikin da masarar gidana. Ana ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a niƙa ta yi laushi, a auna kaɗan a zuba a wani ruwa da ke cikin kwalba, a girgiza, a bari ta kwanta. Sai a tsoma wani tsinke irin wanda mu mata muka sani na gwajin ciki. Layi biyu ke fitowa. Na sama shaida ne cewa tsinken bai lalace ba. Na ƙasa shi ne mai labari, kuma abin a juye yake: in ya fito raɗau, hatsi lafiya, in ya dushe akwai guba, in ya ɓace to ta yi yawa. A da da ido ake dubawa. Yanzu akwai wani ɗan akwati da bai fi sandar sabulu ba. Ana zura tsinken ciki, ya rufe shi a duhu, ya ƙirga lokacinsa da kansa, ya haska fitilarsa, wani ƙaramin ido da ke ciki ya auna ƙarfin layin. Sai lamba ta fito a wayar Bilki tare da kala, ko kore ko ja. Tawa ta yi kore. Na yi hamdala kamar wadda aka yi wa albishir ɗin haihuwa.

Direban ƙungiyar wani dattijo ne, Malam Ɗan'asabe, mai dokoki biyu: ba a fita sai rana ta ɗaga, ba a kuma bari la'asar sakaliya ta same mu a kan titi. Bazara ce, tsinkunan kuma ba sa son zafi, sai na ba da aron kular da nake sa zoɓo aka jera su ciki da ƙanƙara. Na ɗaure wa Gwaggo tsarabar shinkafa da daddawa, muka yi addu'ar hawa mota muka kama hanyar Sheme.

Hira muke har muka wuce Yargoje, daga nan kowa ya yi shiru ba wanda ya ce a yi. Gonaki ne dama da hagu, wasu an ga alamar an taɓa su bara, wasu ciyawa ta cinye har kunyar ta ɓace. Malam Ɗan'asabe ya kashe rediyo ya sauke gilashi. Na ɗauka iska yake so, ashe ƙarar babura yake saurare. Na riƙe carbi har ya yi mini shaida a tafin hannu.

A wani shingen jami'an tsaro aka ce a buɗe kaya. Wani dogo ya ɗaga akwatin yana juya shi, ya ga waya a maƙale, fuskarsa ta canza. Bilki ta yi bayani, bai gamsu ba. Sai ta hango ƙullin gyaɗa a aljihunsa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni gyaɗar nan in auna maka, ka gani da idonka."

"In ja ya fito fa?"

"Sai ka daina ci."

Ya dubi gyaɗar, ya dubi rana, ya miƙa mata akwatinta. "Ita ce abincin ranata. Ku wuce."

Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai mu nesa ba. Wannan amsa tasa na yi ta jin irinta har muka dawo.

A wata unguwa kusa da Ruwan Godiya aka tara mana mata a gidan mai unguwa. Da suka ga tsinke, wata mai barkwanci da ake kira Ladi ta riƙe baki ta ce, "To yau kuma masara aka duba ma ciki? In an samu, wa za a ce ya yi?" Gida ya ɗauki shewa. Kafin mu ankara an cika tabarma da abin da ba a nema ba. Wannan ta kawo ruwan rijiya, wannan kwalli, wata tsohuwa ta kawo jiƙon da take sha na ciwon ƙafa. Bilki ta yi ta ba da haƙuri, tana cewa kowane tsinke abu ɗaya ya sani, kamar mai gyaran agogo da ba ya ɗinki. Suka sa wa akwatin suna Mai Ido, sunan da ya bi shi har ƙarshen tafiya.

Da aka fara gwaji na gaske shewa ta ragu. Ja, ja, kore, ja. Na lura da abu ɗaya, don ni aikina riƙe kwalba ne da kallon fuskoki: waɗanda gonarsu ke bayan gari su ke samun kore, waɗanda tasu ke bakin daji su ke samun ja. Na tambayi Ladi dalili. Ta ce, "Hajiya, da muna barinta a kara sai ta bushe ta yi ƙara. Bana wa zai jira? A guje aka karye ta, ruwa na sauka. Rumbu kuma an daina zubawa, ƙona shi suke. Buhu, ɗaki, a rufe." Ta ƙara da cewa mai kyau ita ake kaiwa kasuwa don ta yi daraja, tsintar da aka fitar ita ake tuƙawa a gida. Na tuna ni ma haka na ga ana yi tun ina yarinya, ban taɓa ganin laifinsa ba.

Bilki ta koya masu yadda ake ragewa: a tsince masu baƙi da fasassu da waɗanda ƙwaro ya huda, a zuba a ruwa a kwashe masu tasowa, a surfa a fitar da dusa, a shanya a kan tabarma ba a ƙasa ba. Wata dattijuwa ta ce, "Wanda muka tsince hwa, awaki?" Bilki ta ce ba a ba dabbar da ake tatsa, don gubar tana bi ta nono. A binne ko a ƙona. Dattijuwar ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, ke kin taɓa binne abinci?" Ni kuwa tun daga wannan tabarma zuciyata ta riga ni Sabuwa, don na san gonar Lawal a bakin daji take.

Da muka fito taya ta yi faci kusa da wani gidan Maguzawa. Malam Ɗan'asabe ya duƙa gyara, wata tsohuwa mai suna Tambai ta fito ta ce mu shigo inuwa. Ban taɓa shiga irin gidan ba, na shiga ina ɗari-ɗari, kuma na ji kunyar ɗari-ɗarin nawa daga baya. Ta ɗauko sabuwar ƙwarya da ba a taɓa sha da ita ba ta ɗebo mana ruwa, ta share wani gefe ta nuna mana gabas ba mu tambaya ba. A can kowace mace da gonarta da ɗan rumbunta, ita ke riƙe da mabuɗin cikinta, ba kamar mu da sai maigida ya auno ba. Hatsinsu a zangarniya suke ajiye shi, sai za a ci a sussuka. Bilki ta roƙi ɗan abin gwaji, ya fito kore shar. Na ce wa Tambai ta yi sa'a. Ta ce, "Ba sa'a ba ce, rashin wurin gudu ne. Masu dangi a gari sun kwashe nasu ɗanye sun tahi. Mu mun zauna da namu har ya bushe, in an ƙone a ƙone mu tare." Ta ba mu dafaffen ƙwai muka tafi da shi.

A Faskari gidan wata Hajiya muka sauka, mace mai hannu a buɗe. Ta yi mana fate da yakuwa mai zafin yaji, irin wanda mu a Ƙanƙara sai mai mura ake yi wa. Wuta ba ta zo ba, aka kai Mai Ido shagon mai caji, Malam Ɗan'asabe ya zauna gadinsa kamar mai jinya. Ƙanƙarar kula ta narke, ba a samu wata ba. Washegari da aka zura wasu tsinkunan sai akwatin ya ƙi karanta su, ya ce layin shaida bai fito ba, zafi ya kashe su. Haka muka yi asarar tsinkuna da yawa, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

A nan ne wani Alhaji mai tara hatsi ya aiko da nasa, ya fito ja. Sai ga shi da kansa a zaure, da fara'arsa, yana cewa yarinya ta sake dubawa, ko ta goge wancan, ai ana yi wa juna sutura. Bilki ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba a hannuna yake ba. Da ya karanta yake ajiyewa, da waya ta samu sabis yake aikawa ofis. Ni ban da ikon taɓa shi." Ya tashi yana cewa an kawo abin da bai san babba ba.

Bayan la'asar muna zaune ina tsefe wa Bilki kai, na ce ai da ta ɗan sassauta murya. Ta ce, "Anti, lokacin da muke dubawa da ido, layi ɗaya mutum biyu sai su yi gardama a kansa. A rana wani abu, a inuwa wani abu. In mai kayan babba ne, ido ya ji nauyi. In talaka ne, ido ya ji tausayi, ka ce ai layin yana nan. Shi ya sa aka rufe shi a akwati inda ba ya ganin fuskar kowa." Na ce to ai an huta. Ta ce, "Shi ya huta. Ni ce dai har yanzu nake faɗa da bakina."

Daga Faskari babu hanyar da Malam Ɗan'asabe ya yarda da ita sai ta Funtuwa, daga nan Dandume, sannan Sabuwa. Mun tsaya Funtuwa muka sayi ƙanƙara, bayan ɓarna ta riga ta auku. Daga Dandume shingaye suka ƙaru, motoci suka ragu. Ƙasa ce mai albarka, baƙa, itatuwa manya, ka ga wurin da ya kamata a ce kowa ya ƙoshi. Ranar Alhamis da hantsi muka shiga Sabuwa.

Gwaggo ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Ta taso da gidan daga ƙauye, suna zaune a ɗaki biyu na aro, ita da Hanne matar marigayi da jikoki. Da na durƙusa zan yi gaisuwa sai kuka ya ƙwace mini, ita ce ta koma rarrashina. "Hajo, bar kuka. Mai gona ya tahi da kyakkyawar shaida." Haka take kiransa. Ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma mutuwa ba ta sa ta sake ba.

Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Na ga Bilki ta ɗan tsaya, na harare ta, muka yi bisimilla muka ci. Gwaggo tana ta tura mini ƙwarya tana cewa, "Ci, noman taubashinki ne. Da shina nan da ya ce baiwa ba ta ci da uwar gida."

Bayan azahar ta ja ni ɗakinta. Buhunan ci suna ɗakin Hanne, amma a ƙarshen gadon Gwaggo akwai wani buhu shi kaɗai, an ɗora shi kan katako, an ci kusan rabinsa, bakinsa ɗaure da baƙar robar babur. Ta dafa shi ta ce, "Wanga shi ne na ƙarshe. Shi ya ɗauko ranar. Sun tahi da babur, sun yar da buhu. Shi an ɗauko shi washegari, buhun kuwa ya yi kwanaki a daji ruwa na dukanshi, kahin wani bawan Allah ya kawo mani a jaki. Na ce wanga ba mai cinshi cikin gida, na sadaka ne." A gefen ƙofa na ga roba an rufe da faifai. Ta riga ta jiƙa ta wainar gobe.

Warin hunhunan da ke ɗakin ya gaya mini abin da Mai Ido bai kai ga faɗa ba. Na fita na yi alwala ba don ta karye ba, na zauna a kan sallaya. Bilki ba ta shiga ɗakin ba, ba ta san da buhun ba. Da na yi shiru, da mun kwana mun tashi mun tafi, Gwaggo ta ci gaba da abin da ke riƙe da ita a duniya. Amma ina zaune ina jin muryoyin yaran unguwa ta bayan katanga, su ne gobe za su miƙo hannu. Na roƙi Allah Ya zaɓa mini, na tashi na koma na ce, "Gwaggo, ki yarda Bilki ta auna mana hatsin gidan nan, har da wannan."

Ta yi murmushi. "A auna. Masarar mai gona ba ta tsoron ido."

Da na ɗakin Hanne aka fara, suka fito ja, amma Bilki ta ce lambar ba ta yi nisa ba, tsinta za ta iya gyarawa. Hanne ta leƙa maƙwabta, mata suka shigo da faifai da tire. Aka baje tabarmi, aka tsince, aka wanke, aka surfa. Ba waƙa, ba hira, sai ƙarar tsaba a kan tire. Da aka sake aunawa ya fito kore. Hanne ta sunkuyar da kai ta yi ta share ido da bakin mayafi, don abincin 'ya'yanta ke nan har sabon hatsi.

Saura na sadaka. Da Bilki ta tsoma tsinke na tsaya a kanta ina kallo. Layin sama ya fito. Na jira na ƙasa. Wurin ya zauna fari fat kamar ba a taɓa nufin wani abu ya fito ba. Ta zura a akwati duk da haka, ya yi ƙirgensa, wayar ta yi ja, lambar ta wuce iyakar abin da yake iya aunawa. Gwaggo ta ce a tsince shi kamar sauran. Ita da kanta ta zauna, tana ɗaga tsaba ɗaya-ɗaya kusa da idonta, har abin da ta yarda da shi bai fi cikin ƙwarya ba. Tsinke mai rai ɗaya ya rage a kula. Aka niƙa, aka girgiza, aka tsoma, aka zura. Ja.

Gwaggo ta kama hannun Bilki. "Ɗiyata, aje wanga akwati. Shi bai san mai gona ba. Ke ki duba mani da idonki. Ido shina da kunya."

Bilki ta zaro tsinken ta fita da shi tsakar gida, ta duba a rana, ta koma inuwa ta duba, ta daɗe. Na san abin da take nema, ni ma na nema tare da ita. Ta dawo ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, wallahi na so in gani. Babu."

Matan maƙwabta suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kuma na san cikinsu akwai waɗanda 'ya'yansu suka ci wainar. Ba wadda ta yi mata gori, Allah Ya saka masu. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin gado tana shafa robar bakin buhun, can ta ce, "Tun kaka nike ba ɗiyan mutane. Hajo, ke kin yi karatu. Alhakin, ni za a rubuta ma ko shi?"

Na gaya mata abin da aka koya mana, cewa aiki da niyya yake, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba. Bilki ta ce waina ɗaya a mako ba kamar tuwon kullum ba ce, abin da ake tsoro shi ne a ci gaba. Gwaggo ta gyaɗa kai, amma ban ga maganar ta shiga ba. Bilki ta ɗauki robar jiƙon ta zagaya bayan gida da fartanya, ba ta nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya hana ta.

Ranar Juma'a da safe ni da Hanne muka yi wainar da shinkafar da na kawo tsaraba. Yara suka taru a ƙofa kamar yadda suka saba. Gwaggo ba ta fito ba, Hanne ce ta raba. Da suka ga fara ce sai murna, suna kiran 'yan uwansu, yau ta shinkafa ce, yau ta shinkafa ce. Na leƙa ɗaki na ga Gwaggo ta juya fuska bango. Da yaran sun yi ƙorafi ina jin da ya fi mata sauƙi.

Muna haɗa kaya ta kira Malam Ɗan'asabe ta ce ya shigo ya ɗauki buhun. Na ce Gwaggo, a bari a binne shi nan. Ta ce, "Wa zai binne? Hanne ba ta iyawa, ni ban iyawa. In kuma ya kwana ɗakin nan, wata Juma'a hannuna zai kai, na san kaina. Ke kika kawo mai idon, ke za ki ɗauka." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta rako mu har bakin mota, ta dafa buhun ta taga, sannan ta sa mana albarka.

A hanyar dawowa an tsayar da mu an tambayi abin da ke buhu. Na ce masara. Jami'in ya ce to Hajiya a sammana tsaraba. Malam Ɗan'asabe ya ce, "Amana ce, ba a buɗewa."

Malam ya haƙa rami a bayan gida tun makon da na dawo. Ramin ya zauna, buhun ya zauna. Kullum in ce gobe. Tambayar dattijuwar nan ta Ruwan Godiya ta yi ta dawo mini, ashe ni ma ban taɓa binne abinci ba. Na dai riƙa aika wa Gwaggo masarar gidana, wadda aka auna, duk lokacin da aka samu mai zuwa. Ranar Juma'a in kira, ta ce, "An raba, Allah Shi ba ki lada." In ce Gwaggo, ai da niyyarsa na aiko, shi ladan zai je wa. Ta ce, "Na sani, Hajo. Amma ba hannunshi ya noma ba."

Juma'ar da ta wuce ta tambaye ni ko na binne. Na ce tukuna. Ta ce ranar da zan yi in kira ta, tana son ta ji.

Jiya da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, na kwance robar bakin buhun na ajiye gefe. Malam ya ja buhun zuwa bakin rami, na kira Gwaggo na riƙe wayar. Ya juye, ya fara mayar da ƙasa. Numfashinta kawai nake ji. Sai da ƙarar shebur ta tsaya ta ce, "An gama?" Na ce an gama. Sai ta ce, "Allah Shi jiƙan Lawal."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai jiya.

Wannan shi ne buhun, 'yan uwa, ba rowa ba ce. Robar na wanke ta na naɗe, za ta bi masarar wannan makon zuwa Sabuwa.